Mabuɗin da Maharazu Ya Aika Ladywood

Injiniya Falalu ɓarawo ne. Ba kuɗi ya sata ba, hanya ya sata, mil talatin da 'yan kai, kuma daga hannun yayansa da ke kwance a kabari ya sace ta. Ya tsaya gaban mutum fiye da ɗari da zufa a goshi yana murmushi, yana karɓar sannu da zuwan da ba tasa ba. Duk wanda ya ce an yi masa tsauri, ya saurara ya ji yadda aka yi.

Yayan nasa shi ne marigayi Maharazu mai keke. Ɗan wani mai faci ne a Fagge. Ya zo Salford karatu a farkon shekarun tamanin, karatun bai yiwu ba, amma hannunsa bai manta abin da ya koya a runfar ubansa ba. A ɗan flat ɗinsa, tsakanin gado da tagar kicin, ya fara saƙa ƙafafun keke da hannu, tsinke bayan tsinke, talatin da shida a kowace ƙafa. Yakan sa 'yar sanarwa a bayan mujallar masu keke. Mutane su aiko da wasiƙa, shi kuma ya naɗe kaya a kwali ya ruga gidan waya kafin a rufe. Daga ƙafa ya ƙara taya, sarƙa, birki, fitila, sirdi. Kafin shekara goma sha biyar yana da sito da ma'aikata takwas, ƙunshinsa yana kaiwa har tsibiran Scotland, wajen mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ba su ma iya faɗin sunansa daidai.

Ba siton ne ya zaunar da sunansa ba. Wata Juma'a ce a 1993. Wani mutum a Ladywood, can cikin Birmingham, ya rubuto cewa ƙafar kekensa ta lanƙwashe, ga shi yana da aikin asuba ranar Lahadi a asibitin da yake tura gadajen marasa lafiya, kuma babu bas a wannan lokacin. A ƙasan wasiƙar an sa hannu Tomas Dalyop. Maharazu ya ga sunan ya san mutumin Filato ne, ɗan gida. Ya yi alkawari ta waya, da Turanci, cewa ƙafa za ta iso Asabar. Da ya gama saƙa ta ya isa gidan waya, sai ya tarar an ja ƙofa. Wani zai ce ƙaddara. Shi kuwa ya ɗaure ƙafar a bayansa da igiyar shanya, ya yi sallar asuba, ya hau keke. Mil tamanin da shida.

Tomas ya buɗe ƙofa da la'asar ya ga baƙin mutum yana haki, da ƙafar keke a gadon baya.

"Salamu alaikum. Ga ƙafarka."

"Kai! Ashe Bahaushe ne! Daga ina?"

"Daga Salford."

"A kan wannan abin?"

"To a kan me?"

"Shigo, shigo, mahaukacin Allah, kafin ka mutu min a bakin ƙofa!"

Tun daga ranar, duk Asabar ta farko a watan Satumba sai Maharazu ya maimaita wannan tafiya. Da farko shi kaɗai, sannan su uku, sannan su arba'in, Musulmi da Kirista, likita da mai shara. A Ladywood mata su dafa abinci su jira.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Daga 2010 abubuwa suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan matasa ya rufe, laburare ya koma rabin yini, bas ɗin sassafe da masu aikin gidajen kula da tsofaffi suke bi aka soke shi. Maharazu bai rubuta wa kowa takardar koke ba. Ya kama wani tsohon gareji a Salford, ya zuba kekuna sittin a ciki, ya sa masa suna Runfa. Duk mai bukata ya zo ya ɗauka, ba takarda, ba tambayar addini ko fasfo. Doka biyu ce kawai: ka dawo da keke da iska a tayarsa, kuma ka zauna ka koyi faci da hannunka. Ranar Asabar wurin kamar kasuwa. 'Yan Somaliya, 'yan Poland, Turawan unguwa, da hajiyoyinmu da suka haura hamsin suna koyon hawa a filin ajiye motoci, sun ɗaure zani a kan wando, suna ihu suna faɗuwa suna tashi.

Ya rasu a goman ƙarshe na azumin 2014. An raba gadon sito da gida yadda shari'a ta ce, ba wanda ya ɗaga murya. Runfa ba ta cikin gado, sadaka ce. Sai dai aka je aka tarar da ita a kulle, aka zazzage aljihuna da durowoyi, babu mabuɗi. Kwana takwas bayan jana'iza Baba Tomas ya bugo wa Dakta Halliru, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Salford. Ƙunshi ya iso masa da rubutun hannun Maharazu. Ashe tun yana asibiti ya naɗe shi ya ba matarsa Hajiya Inno, ya ce in ta Allah ta kasance a kai gidan waya, ita ma ba ta san abin da ke ciki ba. Mabuɗi ne da 'yar takarda: "Tomas ɗan'uwana, ka ba wa wanda ya fara kawo maka ƙafar keke a bayansa daga ƙofar Runfa, da ƙarfin ƙafarsa. Kada ka duba fuska."

Wasu suka ce a fasa kwaɗon kawai. Dattawa suka ce wasiyya ce, ba a fasa ta da guduma. Haka Runfa ta zauna a rufe, famfo da kayan gyara da rabin kekunan a ciki. Waɗanda ke hannun mutane suka fara lalacewa. Dung, wani magidanci mai aikin kula da tsofaffi, sarƙarsa ta tsinke, ya koma taka mil biyar da ƙafa don ya kama shift ɗin ƙarfe shida.

A taron da aka yi bayan sadakar arba'in Falalu ya miƙe. Shekararsa hamsin da biyu, yana da tumbi da digiri biyu, kuma a shekara ashirin da ɗaya bai taɓa bin yayansa hawan Satumba ba ko sau ɗaya. Ya ce shi zai ɗauko mabuɗin. Bai ma ɓoye niyyarsa ba.

"Gaskiya Yaya ya yi ƙoƙari, Allah ya jiƙansa. Amma wurin nan prime location ne. Ba gidan marayu ba ne. Zan gyara shi ya zama showroom, kekuna na gani na faɗa. Wannan zancen kowa ya zo ya ɗauka, it has to stop."

Dung ya sunkuyar da kai. Sai aka ji kujera ta motsa a ɓangaren mata. Batulu ce, 'yar marigayin, shekararta ashirin da tara, haihuwar Salford, Hausarta da ƙamshin Manchester. Tun tana shekara tara take riƙe wa ubanta tsinke, ta girma tana saƙa ƙafa da kanta.

"Baffa, ni ma zan je."

Falalu ya yi dariya har yana dafa tebur. "Ke? 'Yata, mil tamanin da shida ne, ba zagayen park ba."

"Na sani, Baffa. Na yi sau bakwai. Kai sau nawa ka yi?"

Wata hajiya ta ce "Ayyururui!" a hankali, aka yi ta tari don a ɓoye dariya.

Ranar Asabar, shida ga Satumba, ƙarfe shida da rabi na safe, mahaya arba'in da huɗu suka taru a ƙofar Runfa. Ni, Rabe, aka ba motar da ke bin baya da ruwa da dabino da kayan faci. Ban taɓa ganin hawan da ya kai na wannan shekara ba. Kowa ya san abin da ake nema. In Falalu ya riga, ƙofar nan ta rufu ga talaka ke nan. In Batulu ta riga, ranar Litinin Dung zai je aiki a kan keke.

Falalu ya iso da keken da za ka ɗaga da yatsa biyu, da kaya masu kama jiki waɗanda bai kamata dattijo ya fito da su gaban surukai ba, da jar safar hannu mai ratsin zinariya. Batulu ta fito da tsohon keken ƙarfe na ubanta, mayafi a ƙarƙashin hular kwano. Mahaifiyarta tana takaba, ba ta fito ba, amma ta aiko da igiyar shanyar nan ta 1993, wadda ta ajiye duk shekarun nan. Da ita aka ɗaure wa Batulu sabuwar ƙafar keke a baya. Dakta Halliru ya yi addu'a, wani fasto ya yi tasa, aka shafa, aka kaɗa ƙararrawa arba'in da huɗu a lokaci ɗaya.

Wayyo, da kun ga Oxford Road a safiyar nan! Direbobin bas suna danna hon, ma'aikatan asibiti da suka tashi aiki suna ɗaga hannu, wasu ɗalibai suka bi mu da gudu suna tafi ba su san ma me ake yi ba. Dung, a kan keken aro, yana rera waƙar coci da iya ƙarfinsa, wani Alhaji a gefensa yana amsa masa da salati. Kafin mu fita gari Falalu ya sunkuya a kan kekensa ya harba. A Wilmslow muka ga jar safarsa ta sha kwana, daga nan ba mu ƙara ganinsa ba.

Batulu ba ta firgita ba. Ta bi da irin tukin ubanta, ba sauri ba tsayawa, ita da Dung da mutum uku a gaba. Ina baya tare da masu nauyin jiki, amma waya tana ta shigowa. Sun wuce Congleton! Sun hau tudun nan ba wanda ya sauka! Sun wuce Stoke! Duk labarin da ya zo sai na leƙa ta taga na faɗa, sai ihu ya tashi, har wata hajiya ta kusa faɗawa cikin shinge.

Kusa da Stone wayar ta canja murya. Titi ya yi shekara ba a gyara ba, Dung ya faɗa wani rami, ƙafar gabansa ta naɗe kamar faifai. Bai ji ciwo sosai ba, gwiwa ce ta ɗaye. Na bar na baya na taka mota. Da na iso na tarar da Batulu a durƙushe a bakin titi, ta kwance igiyar, ta ciro sabuwar ƙafar da ta kwana uku tana saƙawa, tana ɗaura ta a keken Dung. Shi kuwa yana tsaye yana roƙonta.

"Batulu, don Allah ki tafi. Ki bar ni, mota za ta ɗauke ni. Mutumin nan zai cinye mu!"

"Kawu Dung, hold the bike still. Ka ce wa Baba a asibiti za ka kai Ladywood bana. Ina wurin."

"Ya rasu, ba zai sani ba!"

"Ni na sani."

Ta sa taya, ta buga iska, ta daidaita birki. Sannan ta ɗauki lanƙwasasshiyar ƙafar Dung ta ce in ɗaure mata a baya. Ina cikin ɗaurawa wayata ta yi ƙara. Baba Tomas ne. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata.

"Rabe, Falalu ya iso."

Na kalli agogo na sake kallo. Awa biyar da kwata, da wannan tumbin. Na faɗa musu. Dung ya zauna a kan ciyawa ya rufe fuska da hannu biyu. Batulu ta sha ruwa, ta ɗaure hularta.

"To. Mu ƙarasa dai. Abinci na jira."

Suka ƙarasa. Ta shiga Ladywood ƙarfe uku saura, Dung a bayanta da jini a gwiwa. Na ƙarshenmu ya iso biyar da rabi, ana tura shi da kirari. Zauren da aka ara ya cika ya batse, 'yan Birmingham sun fito da yaransu, ana guɗa, ana rungume-rungume, ƙamshin masa da miyar taushe ya cika titi. Murna ce ta gaske, amma da ƙaya a cikinta.

Baba Tomas, mai shekara saba'in da ɗaya, ya ƙi ba da mabuɗi tun da rana. Ya ce Maharazu bai taɓa sa loma a baki ba sai na ƙarshe ya iso, don haka mabuɗi ma zai jira. Awa shida Falalu ya yi a kujerar gaba yana ba da labari. Yadda iska ta yi masa a Stafford. Yadda ya wuce wasu Turawa matasa a kan tudu suna kallonsa baki buɗe. Wani ya lura safarsa ɗaya ce, ta hagu.

"Ta dama? Ai iska ce ta fizge ta a gangaren Cannock. Gudun da nake yi, wa zai tsaya?"

Da aka yi la'asar aka natsu, Baba Tomas ya miƙe da ambulan a hannu. Ya karanta takardar Maharazu, ya tsaya ya share ido, ya ƙarasa. Ya dubi Batulu, ya dubi lanƙwasasshiyar ƙafar da ta jingina a bango, ya kau da kai.

"An ce kada in duba fuska. Injiniya, taso."

Falalu ya taso yana gyara wuyan riga. Daidai nan ƙofar kicin ta buɗe, wata tsohuwa ta fito da babbar kula ta gwaten acca tana cewa a ba ta hanya. Mama Kaneng ce, tsohuwar nas da ke zaune a Stoke. Shekara goma sha tara tana zuwa dafa wa mahayan Maharazu gwate. Tun tsakar rana tana kicin, ba ta leƙo ba. Ta ɗago kai ta ga wanda ke tsaye a gaba, sai ta dire kular a ƙasa ta tafa hannu, tana ƙwala wa abokiyar girkinta kira.

"Yesu! Ga shi nan! Ga yaron kirkin nan! Celestina, zo ki ga wanda nake ba ku labari!"

Falalu ya daskare.

"Jama'a, ku taya ni gode wa bawan Allahn nan. Yau da safe ina tashar Stoke da kula biyu da jaka, jirgin ƙasa ya tsaya, ba wanda ya kalle ni. Ina waya da 'yata ina cewa yau na shiga uku. Sai na ji a bayana an ce, sannu Mama, ina kwana? Na juya, ga shi da kekensa da wata ƙafa a baya. Ya shigar min da kaya tsaf, ya nema min wurin zama. Irin tarbiyyar gida!"

Ba wanda ya yi motsi. Ana jin ƙarar firji daga kicin.

"Mama," in ji Falalu, murya can ƙasa, "ina jin kin yi kuskure. Ba ni ba ne."

"Kuskure? Yarona, ba kai ka tambaye ni ina gajiya, ina sanyi, ina jikoki, yaya ƙafa, yaya labarin Jos? Tun daga Stoke har Wolverhampton muna gaisawa. Ba ka ce kai ɗan Kano ba ne, matarka 'yar Zariya?"

"Mutanen Kano suna da yawa a ƙasar nan, Mama."

"Masu tumbi da wandon roba ba su da yawa," in ji wata murya daga baya.

Mama Kaneng ba ta gane abin da ke faruwa ba tukuna. Ita alheri take son sakawa. Ta kwance bakin jakarta tana lalube.

"Tsaya, tsaya. Ai ka bar abinka. Da na ba ka dambun nama, ka ce ba ka karɓar abu daga hannun babba da safa, ka cire ta dama ka ajiye a kujera. Da ka sauka a Wolverhampton kana sauri sai ka manta. Na ce Allah ya sa in sake ganin yaron nan. Dubi ikon Allah!"

Ta ɗaga ta sama. Ja ce, mai ratsin zinariya, ta hannun dama.

Ga abin da ya kamata a lura da shi. Falalu ya shirya komai. Ya duba lokacin jirgi tun mako guda. Ya zauna a shagon shayi a Wolverhampton ya ɓata awa ɗaya don kada ya iso da wurin da za a yi shakka, sannan ya tuka mil goma sha ukun ƙarshe da ƙarfi don zufa ta fito. Wannan duk ya amsa daga baya. Abu ɗaya ne bai shirya masa ba: ya ji Hausa a tashar da bai san kowa ba, bakinsa ya riga hankalinsa. Ba a haife mu mu wuce tsohuwa da kaya ba gaisuwa ba. Gaisuwarmu kuma tana tambayar gajiya da gida da sanyi da jikoki, ba ta tambayar ina za ki. Minti arba'in suna hira, bai ji inda ta nufa ba. Da ya taɓa bin yayansa ko sau ɗaya a shekara ashirin da ɗaya, da ya san fuskar matar da ke dafa gwate. Tarbiyyar da ya ɗauko daga gida ita ta kama shi, zumuncin da ya yar shi ya miƙa shi.

Zauren ya fashe. Wasu salati, wasu dariya har da riƙe ciki, yara suna tambayar iyayensu da Turanci me ya faru. Mama Kaneng ta dubi safar, ta dubi ambulan a hannun Baba Tomas, ta dubi Batulu. Sai ta gane. Fuskarta ta canja.

"Au. Kai ne ƙanin nasa?" Ta girgiza kai. "Da na sani da na bar ka da yunwarka."

Falalu ya yi yunƙuri na ƙarshe, irin na wanda ruwa ya ci. Ya nuna bango.

"To ita fa? Ku dubi abin da ta kawo! Ba ita ce ƙafar da ta taso da ita ba. Wannan scrap ne!"

Baba Tomas ya taka a hankali ya ɗauki lanƙwasasshiyar ƙafar, ya juya ta a hannu.

"Ina sabuwar?"

"Tana kan kekena, Baba," in ji Dung. "Ita ta kawo ni."

"To ta isa inda aka aike ta. Ni ma da aka kawo min tawa, ba don in rataye a bango ba ne, don in je aiki ne." Ya juya. "Takarda ta ce ƙafar keke, a baya, daga ƙofar Runfa, da ƙarfin ƙafa. Batulu, 'yata, kin hau jirgi?"

"A'a, Baba."

"Bas fa?"

"Baba, ko lift ban shiga ba."

"Zo ki karɓi kayan ubanki."

Guɗar da aka yi, na tabbata an ji ta a tsakiyar gari. Hajiyoyi da matan coci suka yi mata rumfa da mayafai, aka ɗaga Dung sama da gwiwarsa mai jini, matasa suka fita waje suna kaɗa ƙararrawar kekuna arba'in da uku. Batulu ta riƙe mabuɗin da hannu biyu, ta buga wa mahaifiyarta waya, ta kasa magana, sai ta ɗaga wayar sama don Hajiya Inno ta ji da kunnenta. Da ta samu murya, abin da ta fara cewa shi ne, "Monday, ƙarfe biyar na safe zan buɗe. Duk mai shift ya zo. Kuma wallahi kowa zai yi facinsa da kansa."

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda bai yi gudun ba, ba ya cin zomon.

Dattawa suka zauna a ɗakin baya kafin magariba, Dakta Halliru da Baba Tomas da mutum uku. Ba su yi minti ashirin ba. An cire sunan Falalu daga kwamitin ƙungiya. An hana shi hawan Satumba muddin ransa. Ba a ba shi wuri a motar komawa ba, aka ce ya bi jirgi tunda ya san tashar. Safar hannun daman an buga ta da ƙusa a saman ƙofar Runfa, tana nan har yau. Daga Salford zuwa Ladywood ba mai ce masa Injiniya. Falalu Mai Jirgi ake kiransa.